Ina ake samun amintaccen mai gyaran wuta idan matsala ta taso da dare a Bauchi?

Abban Yara, Fadaman Mada

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar lantarki, musamman mazauna cikin garin Bauchi, domin abin da ya faru a gidana daren Talata ya hana ni sukuni har yau.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka kawo wuta, sai uwargida ta tashi ta jona dutsen guga domin ta goge wa yara kayan makaranta, alhali firiza tana aiki, na'urar sanyaya ɗaki ma an kunna ta saboda zafin bazarar nan. Ba a yi minti ashirin ba babbar 'yata ta ce tana jin ƙaurin roba. Da muka bi warin da tocila sai muka tarar soket ɗin da ke bayan firiza ya narke ta gefe guda, ya yi baƙi ƙirin, bangon da ke samansa kuma ya ɗauki zafin da ba a iya ɗora tafin hannu a kai. Na ruga na sauke babban makunni, sannan na kira wanda ya saba yi mana gyara har sau shida, wayarsa a kashe. Wani maƙwabci ya ba ni lambar wani matashi, ya zo da tasta da salatif, ya cire soket ɗin, ya naɗe bakin wayoyin. Da ya buɗe akwatin fis ya ga guda ya tsinke, sai ya ninka silin jar waya uku ya ɗaura a gurbinsa, ya ce mini daga yau ba zai ƙara yankewa ba. Na sallame shi, amma zuciyata ba ta kwanta da aikin ba.

Mahaifina ne, Allah ya ji ƙansa, ya gina gidan a 1994, lokacin da kayan wutar gidan ba su wuce ƙwan fitila da fanka da talabijin ɗaya ba. Yanzu akwai firiji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki da injin jan ruwa da janareta, kuma ina da niyyar sa sola. Abin da nake so in sani shi ne, ta yaya ake samun mai gyaran da za a iya kira a irin wannan lokaci, ta yaya ake gane gwani daga ɗan koyo, kuma shin dole ne in sake wayarin na gidan gaba ɗaya?

Dattijon Jahun

Wa alaikumus salam. Malam, da farko barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Na yi fiye da shekara talatin ina aikin wayarin kafin ƙarfi ya fara ja baya, kuma kafin in taɓa tambayoyinka ina roƙonka ka je yanzu ka cire fis ɗin nan da aka ɗaure da waya, ka bar wannan layin a kashe har sai an duba shi. Ka sauke babban makunni kafin ka taɓa shi. Maganar da yaron ya faɗa maka, cewa ba zai ƙara yankewa ba, ita ce mafi haɗari a cikin duk labarinka. An yi fis ne domin ya tsinke. Shi ne aka sa ya zama mafi rauni a layin da gangan, domin idan lodi ya yi yawa ko waya ta haɗu da waya, shi ya ƙone a cikin akwatinsa, maimakon wayar da ke cikin bango ko saman silin. Idan aka ƙarfafa shi da sili uku, to raunin ya koma wani wuri da idonka ba ya gani, kuma a gidajenmu wannan wuri sau da yawa yana kusa da katakon rufi, wanda ya shekara talatin yana bushewa.

Bari in yi maka lissafin abin da nake zaton ya faru. Wutar da ke shiga gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce, soket mai ido uku da muke amfani da shi kuwa iyakarsa amfiya 13, wato kimanin wat 3,000. Dutsen guga shi kaɗai yana jan wat 1,000 zuwa 2,000. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan amfiya biyar zuwa shida tana cikin aiki, kuma a lokacin da take tashi tana jan fiye da haka, haka ita ma firiza. A yawancin gidajen da aka yi wa wayarin a wancan zamani, soket-soket da yawa a kan layi ɗaya suke, waya tana shiga wannan ta fita zuwa wancan. Saboda haka soket ɗin bayan firiza ba lodin firiza kaɗai yake ɗauka ba, ta bayansa wutar sauran take ratsawa. Idan nocin da ya riƙe wayar ya saki ko kaɗan, nan zafi yake taruwa, roba ta yi laushi, nocin ya ƙara saki, zafi ya ƙaru, har a kai ga abin da ka gani.

Game da neman mai gyara da tsakar dare, shawarata ita ce ka raba abu biyu da mutane suke haɗawa. Akwai abin gaggawa, akwai gyara. Abin gaggawa shi ne yanke wuta, kuma wannan ka yi shi da hannunka, ka yi daidai. Da zarar babban makunni ya sauka, an kashe janareta, ƙauri ya daina, bango ya huce, to gaggawa ta ƙare, abin da ya rage shi ne haƙurin kwana ɗaya cikin duhu da zafi. Gyaran da ake yi da tocila a baki, mai gida yana tsaye yana cewa a yi sauri nama zai lalace a firiza, shi ne yake haifar da irin ɗaurin da aka yi maka. Idan kuwa wuta ta riga ta kama, ba mai gyara ake kira ba, 'yan kwana-kwana ake kira, ko lambar gaggawa ta ƙasa 112, bayan an fitar da kowa waje. Kada a watsa ruwa matuƙar ba a tabbatar an yanke wuta ba. Yashi ko tukunyar kashe gobara mai gari su ne suka dace. Idan wuta ta riƙe mutum, kada a kama shi da hannu, a yanke wutar ko a ture shi da busasshiyar sanda, sannan a wuce da shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin jan wuta yana iya taɓa bugun zuciya. Madarar da ake ɗura wa wanda wuta ta ja ba magani ba ce.

Akwai kuma iyakar da ya kamata ka sani. Daga taransifoma zuwa falwaya zuwa mita, wannan hurumin kamfanin rarraba wuta ne, wato JED mai hedikwata a Jos, wanda jihohin Bauchi da Gombe da Filato da Binuwai suke ƙarƙashinsa tun da aka sayar da kamfanonin wuta a 2013. Daga mita zuwa cikin gida kuwa naka ne. Duk mai gyaran da ya ce zai hau falwaya da dare, ko zai buɗe mita, ko zai zagaye maka ita domin ka rage kuɗi, ka sallame shi tun daga ƙofa, domin laifi ne a doka.

Gane gwani ba shi da wuya idan ka san abin da za ka duba. Ka tambaye shi takardarsa. Hukumar NEMSA mai kula da ingancin ayyukan wutar lantarki, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa, akwai kuma takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da ta hukumar jarrabawa ta NABTEB ga waɗanda suka fito daga makarantun fasaha. Amma takarda ba ta isa ba, ka dubi jakarsa. Wanda bai zo da komai ba sai tasta mai ƙwan fitila a gindi, iyakar abin da zai iya gaya maka shi ne akwai wuta ko babu. Gwani yana da na'urar auna bolt, da ta maƙala wa waya domin auna amfiya, kuma idan aikin duba tsohon gida ne zai zo da mega, wadda ke tura bolt 500 cikin wayoyi bayan an cire komai, ta nuna ko robarsu tana da sauran lafiya. Wannan awo shi ne zai amsa tambayarka ta ƙarshe, ba ni ba, ba kuma wanda ya leƙa da ido ya yanke maka kuɗin jinga ba.

Maman Biyu, Tudun Wada, Gombe

Baba Dattijo ya gama magana a kan fis, Allah ya ƙara lafiya. Ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce, malamar makaranta ce, amma mun sha irin wannan wahala shekara biyu da suka wuce, kuma akwai abin da nake so in ƙara wa Abban Yara tunda ya ambaci janareta.

A gidan hayar da muke a lokacin, babu canjoba ta ƙwarai, wato makunnin da ke raba wutar gari da ta janareta. Waya ce mai kai biyu ake sokawa daga janareta zuwa soket ɗin falo, sai a tuna a sauke makunnin wutar gari. Wata rana maigida ba ya nan, ƙaninsa ya tayar da janareta ya manta bai sauke ba, ana cikin haka aka kawo wuta. Ƙarar da muka ji kamar an fasa taya, janareta ya ƙone, talabijin ya tafi, kuma Allah ne ya tsare yaron da ke zaune kusa. Daga baya aka bayyana mana cewa ko da ba a kawo wutar ba, irin wannan haɗi yana mayar da wutar janareta kan layin unguwa, ta yadda ma'aikacin da ya hau falwaya yana zaton layi a mace yake zai iya rasa ransa. Saboda haka idan mai gyara ya zo gidanka, ka sa ya fara duba yadda aka haɗa janaretan, tun kafin a zo maganar sola.

Amma ina da ɗan saɓani da Baba a wuri guda. Gaskiya ne a haƙura zuwa safiya ya fi, sai dai ba kowane gida ne zai iya ba. Akwai mai tsohuwa marar lafiya, akwai mai ajiye allurar ciwon suga a firiji, akwai matar da sana'arta ke nan, ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, jarinta kaf yana cikin firiza. Irin waɗannan suna buƙatar wanda zai amsa waya da dare, kuma ba a samun sa da dare, da rana ake nemansa tun kafin a buƙace shi. Yadda muka yi bayan abin da ya same mu shi ne, maigida ya tambayi masu kula da wutar babban masallacin unguwa da wani mai shagon sayar da magani wanda firijinsa ba ya mutuwa, wa yake yi musu aiki. Suna biyu suka maimaitu. Muka kira guda ya yi mana ƙaramin aiki, canjin makunni biyu da ɗaura fanka, muna kallon yadda yake yi. Na lura ya sauke wuta kafin ya taɓa komai, ya gwada da na'ura ya tabbatar ta sauka, kuma da ya gama ya tattara guntayen wayar da ya yanke ya zuba a leda. Tun daga nan muka riƙe shi, muka san gidansa da shagon maigidansa, muka kuma yi magana a fili cewa idan aka kira shi da dare kuɗinsa daban ne. Lambarsa da ta mutum na biyu suna rubuce a jikin bango kusa da akwatin wuta, domin ba kullum maigida yake gari ba. Na kuma koya wa 'ya'yana manya inda babban makunni yake.

Mai Shago, Wunti

Sana'ata sayar da kayan wuta, don haka zan tsaya a inda na fi sani. Yallaɓai, rabin aikin da ake zagin masu gyara a kansa, laifin waya ne, kuma sau da yawa mai gida ne ya zaɓe ta da kansa saboda sauƙin kuɗi. Ƙa'idar da aka saba ita ce waya mai kaurin milimita 1.5 ga fitilu da fankoki, 2.5 ga soket, 4 ga na'urar sanyaya ɗaki ko hitar wanka, 6 ga kukar lantarki, kuma kowane babban kaya da layinsa da birekarsa (makunnin da ke faɗuwa da kansa idan lodi ya yi yawa) tun daga akwati. Matsalar ita ce akwai wayar da aka rubuta 2.5 a jikinta amma cikinta bai kai ba, an cika ta da roba, akwai kuma wadda alminiyum ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Hanyar ganewa ita ce ka sa a fere bakinta a gabanka, ka kankare silin da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, ka ajiye ta. Ka ɗaga nadin ka ji nauyinsa, domin jar waya ta gaske tana da nauyi. Wayoyin da ake yi a nan gida, irin su Cutix da Coleman da Nigerchin, sun yi suna wajen inganci, sai dai sunan da ya yi kyau shi ake kwaikwayo, don haka ka duba tambarin SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, ka saya a shagon da zai ba ka rasit mai suna da adireshi.

Shawarata a kan ciniki ita ce a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki. Mai gyara ya rubuta maka jerin kaya da adadinsu, ku je kasuwa tare, ko ka kai takardar shago biyu ko uku ka ji farashi. Ba zargi ba ne, kariya ce gare ku duka, domin idan aka haɗa komai a jinga ɗaya aka matse shi a farashi, a jikin waya zai fanshe. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai fara aiki da shi, cikon kuma sai an gwada kowane layi a gabanka.

Abu ɗaya da nake roƙon kada ka tsallake shi ne akwatin zamani mai bireka a madadin tsohon akwatin fis, tare da na'urar nan da muke kira RCCB mai miliamfiya 30. Bireka tana kare waya daga lodi, ita kuwa wannan mutum take karewa, domin da zarar wuta ta fara zurarewa ta jikin firiji ko ta jikin yaro, take yankewa cikin ƙiftawar ido. Gidan da ke da injin jan ruwa da ƙananan yara bai kamata ya rasa ta ba. A haɗa da wayar ƙasa ta gaske, wadda aka kai ta ga sandar jan ƙarfe da aka kafa a ƙasa, domin gidaje da yawa idon soket na uku ado ne kawai, babu abin da aka ɗaura masa.

Dattijon Jahun

Hajiya, na karɓi gyaranki, kin yi gaskiya, gidan da ke da mara lafiya hukuncinsa daban. Abin da zan ƙara shi ne, ko an kira mai gyara da dare, aikinsa shi ne ya ware layin da ya lalace ya kashe shi, ya mayar da wuta ga sauran layukan da ya tabbatar da lafiyarsu, ya dawo da safe. Wannan ma wani amfani ne na raba gida layi-layi.

Akwai wata alama da nake so kowa ya riƙe, domin ita ce take cinye kayan mutane a dare ɗaya. Idan ka ga wasu fitilu sun yi haske fiye da kima, wasu kuma sun dushe, fanka tana gudu kamar za ta tashi, to da alama wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta saki, ko a akwatin gidan idan mai layi uku ne, ko a waje. A irin wannan hali wutar da ke zuwa soket tana iya tashi daga 230 ta doshi 400. Kada ka tsaya cire kaya ɗaya-ɗaya, ka sauke babban makunni, ka tambayi maƙwabta ko su ma haka ne. Idan unguwa ce duka, ofishin kamfanin wuta za a sanar, ba mai gyaran gida ba.

Abban Yara, Fadaman Mada

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, tun daren da na karanta amsarka na cire fis ɗin, muka mayar da firiza wani soket na ɗakin girki, guga kuma aka koma ta gawayi. Na bi hanyar Hajiya na tambaya a masallaci da wajen wani mai gidan burodi, aka haɗa ni da wani magidanci da ya yi karatunsa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Bauchi, ya nuna mini takardarsa ba tare da ya ɓata rai ba.

Jiya Asabar ya yini a gidan. Ya cire komai daga soket, ya auna layukan da mega ɗaya bayan ɗaya, sannan ya hau silin ya kira ni in leƙa. Abin da na gani ya sa jikina ya yi sanyi: wayar da ta tafi na'urar sanyaya ɗaki daga bayan soket ɗin firiza aka ja ta, an murɗa ta da hannu an naɗe da salatif, salatif ɗin ya bushe ya buɗe, kuma a kan katako take kwance, katakon ya yi tabon baƙi kamar faɗin tafin hannu. A gefe guda kuma ɓera ya ci robar wata wayar har ƙarfe ya fito. Layin fitilu ya ce lafiyarsa ƙalau, ba sai an taɓa shi ba. Layin soket ne za a sake gaba ɗaya a cikin fayif, a ja wa na'urar sanyaya ɗaki da injin ruwa nasu daban, a sa sabon akwati da wayar ƙasa da canjoba, ya kuma bar gurbi biyu a akwatin saboda sola idan lokacinta ya yi. Ya rubuta mini jerin kayan, gobe Litinin in Allah ya kai mu zan zaga da takardar kasuwa in ji farashi.

Saura tambaya ɗaya ga Mai Shago. Kuɗin da ke hannuna ba zai ɗauki aikin duka a wata ɗaya ba. Shi mai gyaran ya ce a fara da layin soket da akwati, canjoba ta biyo baya, muddin ba za mu tayar da janareta ba kafin nan. Kai ma haka kake gani, ko akwai abin da ya fi cancanta a fara da shi?

Mai Shago, Wunti

Tsarinsa daidai ne, Yallaɓai, sai dai ka sa sandar ƙasa da RCCB a cikin zangon farko tare da akwatin, domin kuɗinsu bai kai na nadin waya ba, kuma buɗe akwati sau biyu ƙarin kuɗin aiki ne. Janareta kuma ka cire masa waya ka kulle shi a sito, kada ka dogara da cewa kowa a gidan zai tuna.